Gonar da Aka Kori Mai Ita

Shafi na huɗu ne ya hana a buga littafin. Sauran shafuka tamanin duk sun kammala, hotunan kakanni sun zauna daram, mai ɗab'in ma ya zaɓo takarda mai sheƙi. Amma Rekiya ta riƙe shafi na huɗu ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za ta miƙa shi yadda Kawu Barmo ya rubuta ba.

Littafin tarihin zuriyarsu ne, wanda za a raba a taron dangi a Jos bayan Sallah. Kawu Barmo, ƙanin mahaifiyarta, shekararsa goma sha shida yana sayar da yadi a kasuwar titin Guangyuan Xilu, shi ya ɗauki nauyin bugawa a nan Guangzhou ta ƙasar Sin. Ita kuwa Rekiya, da yake tana karatu a jami'a kuma Sinanci ya zauna a bakinta, ita aka ɗora wa tsarawa da magana da mai ɗab'i.

Kowa a dangin ya san akwai Bature a tushensu. Wani Kalhan ne, mai jan gashi, ya zo haƙar kuza, ya musulunta, ya auri 'yar gari, ya haifi Nana, mahaifiyar Kawu Barmo. Daga nan sai baki ya yi ta ƙara wa miya gishiri, har Kawu ya rubuta cewa Kalhan ɗan wani babban mai mulki ne a Ingila, mai gonaki iya ganinka. Mutum ne mai son girma, Allah ya sani, ko shinkafa zai saya sai ya ambaci asali.

Rekiya ba ta yi niyyar tonon silili ba. Hoton gidan mai mulkin take nema don ta ƙawata shafin. Ta samo takardar aikin Kalhan, ta ga ashe Denis Culhane ne sunansa, kuma ba Ingila aka haife shi ba, wani ƙauye ne a yammacin ƙasar Ayalan. Sai ta shiga rumbun tsofaffin jaridun ƙasar ta kwamfutar ɗakin karatu. Mako uku tana bin rubutu ƙanana kamar ƙwan kifi, har idonta ya fara ruwa, kafin ta ci karo da sunan ubansa. Ba a shafin manya ta same shi ba. A labarin kotu yake, cikin manoma tara 'yan hayar gona da aka kama da laifin shiga ƙungiyar asiri da yin rantsuwa a kan masu ƙasa. Jaridar ta kira su 'yan ta'adda da ɓata-gari. Shekara bakwai aka yanke masa.

Ranar Asabar da hantsi suka haɗu a ofishin mai ɗab'in, fanka tana ta kaɗa zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Rekiya ta ajiye kwafin jaridar a gaban kawunta, ta yi masa bayani a taƙaice. Ko taɓa takardar bai yi ba.

"Wato ke na aika ki ɗebo ruwa, sai kika dawo min da kwata," in ji shi. "Ɗan fursuna! Wannan zan kai wa mutane a Jos? Surukaina za su karanta fa."

"Kawu, gaskiya ce."

"Gaskiyar wa? Su kansu mutanensa sun ce ɗan ta'adda ne. Ki mayar da abin da na rubuta."

"Masu ƙasar ne suka ce. Jaridarsu ce, alƙalinsu ne. Ka yi haƙuri, Kawu, ba da hannuna ba."

Mai ɗab'in ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya nuna agogo. Kawu Barmo ya ɗaga masa hannu, ya kira shi maigida da Sinanci. "Laoban, dakata." Ya juyo kanta, muryarsa ƙasa-ƙasa, wadda ta fi tsawarsa ban tsoro. "Rekiya, ni na kawo ki ƙasar nan. In kin ƙi, akwai yara birjik masu jin Sinanci. Sai in cire sunanki daga littafin gaba ɗaya."

Maganar ta soke ta, don tana ƙaunar mutumin nan, kuma tun rasuwar mahaifinta shi ne uba. Amma haushi ya fi tsoron yawa: an ɗaure mutum shekara bakwai, jarida ta zage shi, yanzu kuma jininsa zai share shi ya ɗora irin azzaluman da suka ɗaure shi a gurbinsa.

"Cire," ta ce. "Amma sai ka ji rantsuwar da aka ɗaure shi a kanta. Ɗan sanda ya karanta ta a kotu, sun buga ta duka." Ta ja takardar, ta bi layin da yatsa tana fassarawa. "Na rantse ba zan karɓi gonar da aka kori mai ita ba, ba zan shuka ta ba, ba zan yi kiwo a cikinta ba, ko da 'ya'yana za su kwana da yunwa."

Kawu Barmo ya ɗago kai ya dube ta.

Ba a Jos kaɗai aka san maganar nan ba, har a Guangyuan an san ta. A bara mai ginin kasuwarsu ya kori Abdoulaziz, wani ɗan Maraɗi, daga shagonsa ba gaira ba dalili, ya zo ya yi wa Kawu tayin wurin. Shago ne a bakin matakala, inda duk mai fitowa daga jirgin ƙasa sai ya gifta. Kawu ya ƙi. Ya bi Hausawan benen ɗaya bayan ɗaya ya hana su, yana maimaita abin da Nana take faɗa musu tun suna yara: gonar da aka kori mai ita, ba a shuka ta. Wata biyar shagon yana rufe, har mai ginin ya gaji ya kira Abdoulaziz da kansa.

"Ka ce karin maganar Nana ce," in ji Rekiya. "Na tambayi malaman Hausa biyu, babu wanda ya taɓa jin ta. A ina Nana ta samo ta, Kawu? A gidan mai mulki?"

Sai a lokacin ya miƙa hannu ya ɗauki takardar. Ya zaro tabarau, ya daɗe yana kallon rubutun da bai fi ƙwayar gero ba. Mai ɗab'in ya sake nuna agogo, babu wanda ya kula shi.

"Wanne ne sunansa a nan?"

Ta nuna masa. Na shida a jerin.

"Cikin taran nan, wa ya tona su?"

"Babu. Jaridar ta yi ta ƙorafi cewa ko ɗaya bai buɗe baki ba."

Kawu Barmo ya cire tabarau ya goge fuska da hannun riga. Ya jawo nasa shafin, mai mulki da gonakinsa, ya ninke shi biyu, ya ninke huɗu, ya tura aljihu.

"Gaya wa laoban ya buga jaridar yadda take, har da zagin," ya ce. "Sauran takwas ɗin ma a sa sunayensu. Surukin da bai so ba ya rufe littafin."