Reshen da Ya Fi Ganye

Sana'ata mayar da alƙaluma hoto a shafin intanet. Kamfani ya jibgo mini lambobi, ni kuma in rubuta wa kwamfuta umarni ta mai da su ɗigo-ɗigo masu rawa, har manaja ya ji kamar ya gane. Na yi furfura a wannan aiki, amma a gidanmu abin da aka sani kawai shi ne ina danne-danne. Ƙanwata Auta ma Injiniyan Zaune take kirana.

Shi ya sa da Inna ta samu sauƙin ƙafarta aka ce a taru a gaishe ta, na ce yau za su san ni. Na sa Auta, wadda ita ke zaune da Inna, ta turo mini tarihin kiran wayar tsohuwar na shekara guda. Na zana bishiya. Inna ce gindin, kowane ɗa reshe ne, kowane kira tsakaninta da shi ganye ɗaya. Na ɓata kwanaki ina gyara yadda ganyen zai riƙa kaɗawa. Lambobin kansu ban tsaya dubawa ba, tunda koren ya fito yadda nake so.

A falon Inna na jona kwamfuta da talabijin. Bishiya ta tsiro, rassa suka miƙe. Reshen Auta kamar tsohuwar tsintsiya. Nawa kuwa ya yi luf-luf da ganye har ya sunkuya. Ni kaina na yi mamaki, amma ban bari mamakin ya hana ni gyara zama ba.

"To ni da nake cuɗa mata baya, waya zan buga mata daga ɗaki zuwa banɗaki?" in ji Auta. Aka yi dariya. Sai ta juyo kaina. "Amma Yaya, kai? Kai da sai an yi maka aike?"

"Ko ɗaya ban ƙara ba," na ce. "Abin da wayar ta faɗa ke nan."

"Kawo in gani."

Ta karɓe linzamin kwamfutar. Don burgewa, na tsara shafin yadda in an taɓa ganye zai nuna bayaninsa. Ta taɓa ɗaya a reshena. Inna ce ta kira, tsawon magana sifili. Ta taɓa na kusa da shi, sifili. Ta gangara can ƙasan reshen, duk haka. Ashe na manta ban cire kiran da ba a ɗauka ba. Duk wannan koren Inna ce ke nemana, ni kuma ina kife wayar a kan tebur in ce anjima.

"Me aka rubuta a jiki?" Inna ta tambaya, don ta bar tabaronta a ɗaki.

Auta ta dube ni. Na dubi kafet.

"Kwanan wata ne kawai, Inna," in ji Auta.

"Nasa ya fi kyau," in ji Inna. "Allah ya yi albarka."

Na ce amin da wata murya da ba tawa ba. Da Auta ta tona ni a gaban kowa da ya fi mini sauƙi.

Washegari a ofis na ƙara layi ɗaya a cikin umarnin: duk kiran da ba a yi magana ba, a zubar. Ganyen suka kakkaɓe, da irin lilon nan da na sha wahala a kansa. Reshena ya koma sanda.

Ina kallonsa wayata ta ɗau ruri. Inna. Hannuna har ya tafi zai kife ta, don ya saba. Na ɗauka.



"Af! Ka ɗauka?"

"Na ɗauka, Inna. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Ni ba ni da wata magana fa. In na ji tana ƙara, na san wayarka a kunne take, kana nan ke nan, sai in ci gaba da harkata. Kashe, kar in hana ka aiki."

"Ba wani aiki, Inna, danne-danne ne. Ya ƙafar?"

Sai ta faro tun daga ranar da ta faɗi a bakin famfo, labarin da kowa a gidan ya haddace ban da ni.