Ɗan Kwanon Share-Faranti

Share-Faranti ba sunansa na yanka ba ne. Abokan aiki ne suka laƙaba masa, kuma wallahi bai ci sunan a banza ba. Shekara goma sha tara yana tuƙa motar ’yan makaranta. Kullum in ya gama sauke yara da rana, sai ya zarce rumfar bayan gareji, inda shi da Bakanike da Mai Fenti da tsohon Maigadi ke juye abincin gidajensu a babban faranti guda. In kowa ya ƙoshi ya janye hannu, abin da ya saura nasa ne.

Sai wata Talata ya tsaya a danja, yara talatin da biyu suna ta surutu a bayansa, barci ya sace shi. Ƙafarsa ta saki birki, mota ta soma gangarawa cikin mararraba. Hon ɗin wata tifa ne ya farkar da shi, ya taka birki da dukan ƙarfinsa. Yara suka yi ta dariya, sun ɗauka wasa ne. Shi kuwa washegari ya tafi asibiti.

Likita bai ɓoye masa komai ba. Ƙiba ce ke toshe masa numfashi in yana barci, shi ya sa yake kwana bai huta ba. Ya ba shi wata uku ya rage kilo goma sha biyu, in ba haka ba, ba zai sa hannu a takardar lafiyarsa ba, a karɓe makullin mota.

Matarsa kaɗai ya gaya wa. Ta samo masa wani ɗan kwano mai murfi, tana zuba masa wake da ganye da guntun gasasshen kifi, mai kuwa sai dai a ce an nuna masa. Mako biyu yana cin abin nan shi kaɗai a cikin mota, ga warin robar kujeru, ga shewar abokansa tana shigowa ta taga. Kilo biyu ya sauka, amma kewa ta ishe shi. Mutumin da bai saba tauna a shiru ba! Rana ta goma sha biyar ya ce ina, aikin ma yana so, abokan ma yana so, ba wanda zai bari. Ya ɗauki kwanonsa ya nufi rumfa.

“A’a, ga manya!” in ji Mai Fenti, ya leƙa kwanon. “Kai, zomo aka ƙwace wa wannan?”

“Ɗana, laifi muka yi maka?” in ji Maigadi. “Mako biyu muna mayar da saura gida. Matanmu har sun fara tambaya ko hannunsu ne ya lalace.”

“Ba laifi, Baba. Tumbin nan nake so in sallama.”

Bakanike kuwa amininsa ne tun suna samari. Ranar daga gidansa aka kawo shinkafa, tana ƙyallin mai, da nama a kai. Ya sa yatsa ya turo babbar tsoka zuwa bakin faranti ta gefen direban, kamar yadda yake yi kullum. Ƙamshi ya bugi Share-Faranti, miyau ya cika masa baki. Ya haɗiye, ya mayar da tsokar tsakiya.

Bakanike ya sake turowa. Ya sake mayarwa.

A karo na uku Bakanike ya yarfe hannu. “To, mun gane. Abincin gidana ne ya zama guba. Kai ne ka fara rage tumbi a duniya? Tsoka ɗaya ce za ta kashe ka?”

Maganar ta yi masa zafi, kunya kuma ta kama shi, don ya san abin da zai faɗa zai iya kaiwa kunnen shugaban makaranta kafin la’asar. Ya ajiye cokali.

“Ba ni nake jin tsoro ta kashe ba. Barci na yi a kan sitiyari, a danjar mararraba, da yara cike da mota. Da mai tifa bai danna hon ba, da yanzu wani zancen ake yi.” Ya dubi amininsa. “Autarka tana kujerar da ke bayana. Tana ba ni labarin haƙorinta da ya fita, ban ji ƙarshensa ba.”

Mai Fenti ya sunkuyar da kai. Maigadi ya yi salati a hankali.

Bakanike ya daɗe yana kallon tsokar. Sai ya janye farantin gaba ɗaya zuwa gabansa, ya ɗauke kwalbar lemon da aka ajiye wa direban, ya dangwara masa gorar ruwa. Idonsa ya yi jawur.

“Ci ganyenka,” ya ce. “Kuma gobe a nan za ka ci shi, inda nake ganinka. In na ƙara ganin hannunka a farantin nan, wallahi da sifana zan karya shi.”