Banɗakin Karafan Yaya Tahir

Shekara biyu cur mahaifiyarmu, Inna Iyatu, ba ta fita daga unguwar Ƙurban ba, tun da ciwon gwiwa ya kama ta. Kullum maganarta ɗaya: tana son ta sake fita shan iska bayan gari lokacin sanyi, kamar yadda muke yi da marigayi Baba. Banɗaki ne ke hana ta, don ba ta iya tsuguno.

Sai yayana Tahir ya sayo karafan, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, da gado da kicin da banɗaki a ciki. Daga waje kyau kamar amarya. A ciki kuwa, ranar farko marfin kabad ya biyo hannuna, taga ta ƙi rufuwa. Yaya malamin makaranta ne, amma ya ɗauki kansa kafinta, ya bi komai da gam da salatif.

Da muka taimaka wa Inna ta leƙa, ta dubi masai, ta dubi inda masallacin unguwa ya fuskanta, ta tsaya cak.

"Tahir, wannan alƙibla yake kallo. Ba zan zauna a kai ba."

"Inna, a cikin ɗaki ne. Malamai sun ce ma fi mushkila, babu laifi."

"To malaman su zauna."

Raina ya ɓaci, don na ga tafiya ta watse. Yaya kuwa ya ɗauko sukudireba, wai zai juya masan. Kwana biyu yana durƙushe yana gumi, ya karya bututu, ya yanke yatsa. Sai da ya gama tumɓuke shi matarsa Sundus ta kawo masa gahawa, ta tsaya tana kallonsa, sannan ta kira shi da alkunyarsa.

"Abu Afnan, ba taya gare shi ba? In mun je can ka juya karafan ɗin gaba ɗaya mana, halas, shi ke nan."

Na yi dariya har da riƙe ciki. Yaya bai yi ba, ya yafito mu da hannu. Inda masan yake, katakon ya jiƙe ya yi baƙi. Ya danna da yatsa, yatsan ya nutse. Ya taka da ƙafa, sai ga kwalta muna gani ta ramin. Ashe tun daga kamfani bututun ke yoyo, katakon siriri, babu ƙarfe ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Leda mai sheƙi ce kawai ta rufa masa asiri.

Dariyata ta ɗauke. Inna mace ce mai jiki, kuma ita ce za ta fara zama a wurin.

Wannan karon Yaya bai taɓa gam ba. Ya kira Sabo, wani mai walda ɗan Maraɗi da ke aiki a unguwar Ƙuba, ya sa ƙarafa biyu da katako mai kauri, ya mayar da masan wurinsa. Sai da Sabo ya yi tsalle a kai sau uku Yaya ya yarda. Ba mu gaya wa Inna komai ba.

Ranar Asabar da hantsi muka sauka bayan gari. Yaya ya yi ta gaba da baya da mota, Sundus riƙe da waya tana duba alƙibla, har Inna ta ce ya yi. Ta shiga banɗakin ta ja ƙofa. Mu uku muka tsaya a waje, duk mun kasa kunne.

Da ta fito ta gan mu a jere, ta harare mu.

"Lafiya? Mutum ba zai kama ruwa ba sai da 'yan rakiya?"

Yaya ya sulale ya zauna a kan yashi, yana ta hamdala a hankali. Ni ma na zauna kusa da shi.