Takardar Komawa Kan Sitiyari

Wata uku bayan hatsarin da ya yi kusa da Kakau, Jethro ya koma ofishin kamfanin motocin da yake wa tuƙi, ya ce wa manaja ya warke, a ba shi makullinsa. Shekara goma sha tara ke nan yana jigilar fasinja tsakanin Kaduna da Abuja. Ranar da abin ya faru tayar gaba ce ta fashe, mota ta ƙwace ta faɗa rami, mutum biyu suka rasu. Bincike ya nuna ba gudu yake yi ba. Shi kansa karaya ɗaya ya samu a hannun hagu, kuma ta haɗe.

Manaja ya ce, "Baba Jethro, ba ni na hana ba. Sabuwar doka ce daga sama. Duk direban da ya yi hatsari aka rasa rai, sai ya kawo takarda daga wajen masu duba lafiyar tunani."

"Ka taɓa ganina na tuɓe riga a titi?"

"Ba maganar hauka ake ba. Tambayoyi ne kawai za su yi maka, su auna yadda kake riƙe zuciyarka."

Jethro ya ce a iya saninsa shinkafa ake aunawa, amma ya karɓi adireshin. Wani ƙaramin asibiti ne a Unguwar Sanusi. Zuwansa na farko aka ce matar da ke yin gwajin ta tafi taro. Na biyu aka ce fom ya ƙare, kuma babu wutar da za a buga wani. Kowane zuwa sai ya hau mota biyu daga gidansa a Gonin Gora, ya zauna a baya kamar kowa, yana kallon yara ƙanana suna tuƙin ganganci ba wanda ya tambaye su wata takarda.

Kafin zuwa na uku ya biya ta garejin abokinsa Cyril a Kakuri, bakaniken da ya daɗe yana gyara motocin kamfanin. Cyril ya fito daga ƙarƙashin wata bas yana goge hannu.

"Oga Jethro, kada ka ba su komai da za su riƙe. Kana fushi? A'a. Kana mafarki? A'a. Komai suka tambaya ka ce lafiya lau. Da zarar ka buɗe baki, sun rubuta maka ciwo."

Mai gwajin sunanta Gloria, ba za ta wuce sa'ar ƙanwar matarsa ba. Ta gaishe shi da ladabi, ta ba shi haƙuri kan zirga-zirgar da ya sha. Ta ce za ta karanto magana talatin, kowacce ya zaɓi ɗaya cikin amsa huɗu: ban taɓa ba, jefi-jefi, sau da yawa, ko kullum. Ta ce babu ci babu faɗuwa.

"In babu faɗuwa, ki sa hannu kawai in tafi."

Ta yi murmushi ta fara karantawa. "Idan raina ya ɓaci, nakan ɓoye kada kowa ya gane."

"Kullum." Wannan kam da alfahari ya faɗa, don gaskiya ce.

"Idan abu ya dame ni, akwai wanda nake gaya wa."

"Ban taɓa ba. Ni ne babba a gidana, wa zan kai wa kuka?"

"Wani lokaci nakan ji wani abu a raina in kasa gane ko mene ne."

"Ban taɓa ba."

Sauran duk ya bi shawarar Cyril. Barci lafiya lau. Firgita babu. Tunanin hatsarin bai taɓa dawo masa ba. Gloria ta haɗa lambobin, ta ɗan jima tana kallon takardar, sannan ta ajiye biro.

"Baba, ba zan iya sa hannu yau ba."

"Wacce na faɗi?"

"Ba ka faɗi ko ɗaya ba. Amma takardar nan cewa take kana haɗiye komai, ba ka gaya wa kowa, kuma mutum biyu sun mutu a motarka ba ka ji komai ba. Ko dai kai ne na farko da na taɓa gani haka, ko kuma wani ya koya maka amsa. Tun ranar, ka taɓa bi ta Kakau, ko a matsayin fasinja?"

Jethro ya ture kujerarsa baya. Ya miƙe tsaye.

"Tun ina yaro haƙuri aka koya mini. A gida haƙuri, a coci haƙuri, a tasha fasinja ya zage ka ka yi haƙuri. Shekara hamsin da biyu ina yi, yau takarda ta ce ciwo ne."

"Ban ce ciwo ba ne, Baba. Na ce ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba, kuma mutum goma sha takwas za ka ɗauka."

Ya fita ko sallama bai yi mata ba.

Matarsa Celina tana gasa masara da filanten, babbar ayabar nan, a bakin titin Gonin Gora, inda motocin Abuja kan tsaya. Can ya same ta da rana tsaka, ya zauna a bencinta ya kwashe labarin duka, yana yi yana buga cinya. Ta bar shi ya gama, tana juya masara.

"Baban Debby, me ka ce mata game da barci?"

"Na ce ina yi."

"Kana yi?"

Ya kau da kai.

"Shekaranjiya murfin tukunya ya suɓuce wa Debby, ka yi mata tsawar da har yau ba ta zauna kusa da kai ba. Lahadi uku ke nan da an fara kiɗa a coci kake fita waje. Ko a kujera kake zaune ƙafarka ta dama tana danna ƙasa, kamar kana neman birki. Na yi shiru ne don na san halinka."

"Ke ma kin zama likita ke nan."

"Ni matarka ce, a gabana ake yi."

Yana shirin mayar mata da magana wata tirela da ke wucewa ta saki ƙara ta salansa, tau, kamar harbi. Jethro bai san lokacin da ya bar bencin ba. Sai ganin kansa ya yi a durƙushe bayan teburin, hannu biyu a kai, tiren masara ya kife a ƙasa. Masu sayar da biredi da ruwa suna kallo. Wata fasinja ta leƙo ta taga tana tambaya ko farfaɗiya ce. Celina ba ta kula kowa ba, ta tsugunna tana tsince masarar tana karkaɗe ƙasa. Shi kuwa ya tashi ya nufi gida, rigarsa sharkaf da gumi, haushin kansa ya fi na kowa yawa.

Sai da ya yi kwana huɗu kafin ya koma Unguwar Sanusi. Ya ce wa Gloria ta ɗauko sabon fom. Wannan karon sun fi awa ɗaya, don kusan kowace tambaya sai ya yi gardama da ita. Ya ce amsa huɗun nan ba su ishe shi ba, akwai abin da ya fi jefi-jefi amma bai kai sau da yawa ba. Da ta zo kan tunanin hatsarin sai ya ce ɗaya daga cikin waɗanda suka rasu wata dattijuwa ce da ta roƙe shi ya bar ta ta zauna a gaba saboda ciwon gwiwa, shi ne ya sa wani ya tashi ya ba ta wurin. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har Celina.

Gloria ta haɗa lambobin.

"Sun fi na wancan karon muni, ko?" in ji shi.

"Sun fi yawa. Amma waɗannan zan iya aiki da su."

"Na yi ƙarya kin hana ni, na faɗi gaskiya kin hana ni. To wace ƙofa ce a buɗe?"

Ta ce ya riƙa zuwa duk Alhamis har mako takwas, sannan a sake gwaji. Ta rubuta wa kamfani wasiƙa cewa zai iya tuƙin cikin gari, amma doguwar hanya a dakata tukuna.

Manaja ya karanta wasiƙar sau biyu ya tura masa ita.

"Fom ɗin hedikwata gida biyu ne da shi, Baba. Ya dace, ko bai dace ba. Wannan na tsakiyar ban san inda zan sa shi ba. Kuma mu ba mu da layin cikin gari."

Fushi ya taso wa Jethro. Ya yi abin da Gloria ta nuna masa, ya ja numfashi ya sake shi a hankali, ya kuma ji haushin cewa ya ɗan yi aiki.

"Oga, raina a ɓace yake," ya ce. "Shekara goma sha tara. Ka nemo mini gida na uku."

Manaja ya dube shi, don bai taɓa jin irin wannan magana daga bakinsa ba. Ya buga waya biyu, ya fita, ya dawo. Abin da aka samo shi ne Jethro ya riƙa kai motocin da suka lalace daga tasha zuwa gareji a Kakuri, ya dawo da waɗanda aka gyara, babu fasinja.

Ranar Litinin ya shiga garejin Cyril da wata bas mai hayaƙi. Cyril ya riƙe ƙugu yana girgiza kai.

"Na gaya maka kada ka buɗe baki."

"Ka gaya mini. Duba kulocin nan, yana zamewa a giya ta biyu."

Motar da ya saba ja an gyara ta, tana wajen wani sabon direba, kullum da safe yana ganinta tana lodi. Alhamis ta uku ya isa asibitin aka ce Gloria ta sake tafiya taro. Ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa wa mai karɓar baƙi duk abin da ke ransa game da taro da masu kiran taro, har ta ba shi kujera da ruwa. Da ya huce ya tambaye ta ko Juma'a da safe akwai wuri, ta duba littafi ta rubuta sunansa ƙarfe tara.