Gwiwar Hannu

Babanmu bai iya yin abu da sauƙi ba. Lokacin da yake buga wasan kurket, haƙarƙarin mutane yake nema da ƙwallo. Da ƙafafunsa suka gaji ya zama koci, sai ya koma kan Yaya. A kurket mai jifa ba ya lanƙwasa gwiwar hannu, a miƙe hannun yake zagayowa ta saman kai. Duk lanƙwasawar da Yaya ya yi, sanda ce ke sauka a wurin, har gwiwar ta kumbura suntum. Yaya ya iya jifa kam, ya kuma bar gidan bai waiwayo ba.

Daga baya aka ba Baba shugabancin ƙungiyar kurket. Ya cika ɗakin da ke bakin filin wasan da tsofaffin hotuna da sandunan dukan ƙwallo na 'yan wasan da suka mutu, yana rubuta tarihinsu. Mu da ya haifa ko kusurwa ba mu samu a bangon nan ba, kuma abin ya daɗe yana ci mini rai.

Akwai wani ɗan kwangila da ya ƙwallafa rai a kan filin, Baba ya hana shi. Ranar da ɗan kwangilar ya turo ƙarti, na kai wa Baba abincin rana ke nan. Sun rufe fuska da tsumma, suna riƙe da gora da jarkar fetur. Suka farfasa tagogi, suka lakaɗa wa maigadi duka har ya daina motsi. Baba ya tare ƙofar ɗakin da tsohuwar sandarsa. Na farko ya koma da karyayyen hannu, na biyu ya tofar da haƙora. Sauran suka ja baya.

Sai wani daga can nesa ya ɗauki dutse, ya taho da gudu, ya saki. Dutsen ya sami Baba a tsakar goshi, ya zube. Ina jan sa a ƙasa ina kuka, ɗakin ya kama da wuta, hotunan suna nannaɗewa.

A asibiti ɗan sanda ya tambaye shi ko ya gane wani.

"Ban ga fuskar kowa ba, yallaɓai."

Da ɗan sandan ya fita, Baba ya kamo hannuna. Jini na tsattsafowa ta bandeji.

"Auta, kin ga jifan nan?"

"Baba, don Allah ka yi shiru ka huta."

"Hannun bai lanƙwasa ba," ya ce, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. "Ko kaɗan bai lanƙwasa ba."