Wayar da Bahago Ya Murɗa

Shekara goma sha tara ana taron Lahadi a falon Evaristo, mai gyaran lasifika, a unguwar Obrero ta birnin Cali. Da an ci abincin rana sai tsofaffin masu tara faifan kiɗan salsa su fara shigowa, kowa da nasa a hammata, su zauna gaban lasifikokinsa biyu na katako. Shi ya sake musu roba da hannunsa, shi yake shafa wa katakon mai duk Asabar. Matarsa Nubia ta taɓa ɗora wa ɗaya tukunyar fure, suka yi kwana uku ba sa magana.

Sai ga ƙanensa Heriberto, direban bas, ya dawo daga garin Buenaventura na bakin teku da wasu manyan lasifikoki guda biyu na wani tsohon ma'aikacin jirgin ruwa, tsayinsu har ƙirjin mutum. Gidajensu na kallon juna, amma bai kira yayansa ba, shi ya haɗa wayoyin da kansa. Cikin Lahadi biyu kacal taron ya tsallaka titi, ya koma gidan Heriberto.

Evaristo ya ce ciwon baya ne ya hana shi zuwa. Ta taga yake hango Doña Alcira, wadda ta haura saba'in, ta tuɓe takalmi tana rawa a falon Heriberto. Ita ce fa a da take cewa a gidan Evaristo kaɗai kiɗa ke shigar mata ta tafin ƙafa. Nubia ta ce masa bayan da ke iya tsayuwa awa uku a taga ai ya warke.

Ran Juma'a ya ɗauki burodin cuku da Nubia ta gasa ya kai wa ƙanen. Heriberto ya ji daɗi, ya shiga kicin dafa kofi, Evaristo kuwa ya durƙusa bayan lasifikar hagu. Duk mai wannan sana'a ya sani, idan aka juya wayar guda ɗaya, ja ta koma gurbin baƙa, ba abin da zai lalace, sai dai ɗaya na turawa ɗaya na ja, kaurin kiɗan ya mutu. Ya zare wayoyin. Bakinsu a barbaje yake kamar tsohuwar tsintsiya, aikin direba. Hannunsa ya kasa mayar da su haka. Ya murɗe su tsaf da hagunsa, kasancewarsa bahago, ya daidaita, sannan ya sa kowace a gurbin 'yar'uwarta.

Ran Lahadi da sassafe ya share falonsa, ya jera kujeru, ya ce Nubia ta ƙara yawan lemon da take haɗawa. Sannan ya sa farar rigarsa ya tsallaka.

Aka ɗora faifai. Kakaki ya fito, muryar mawaƙi ta fito, amma ganga ta zama kamar ana buga gwangwani. Doña Alcira ta tsaya da ƙafa a ƙasa tana jira, can ta mayar da takalminta. Don Fulgencio, mai aski, ya ce wataƙila lasifikokin sun gane ba a teku suke ba, sun fara kewar gida. Aka yi dariya. Evaristo ya ji wani sanyi a ransa, yana ta juya maganar da ya shirya a baki: ku zo mu tsallaka, ai nawa suna nan.

Heriberto ya duba allurar da ke bin faifai, ya duba amfilifaya mai ƙara sauti, gumi na keto masa. Ya leƙa bayan ta dama, ya zagayo bayan ta hagu. A nan ya daɗe. Da ya miƙe bai taɓa komai ba.

"Ni direba ne, jama'a," ya ce. "Ga mai abin nan a zaune. Yaya, zo ka duba mana."

Duk ido ya koma kan Evaristo. Shekara arba'in ba a taɓa kawo masa lasifikar da ta gagare shi ba, kuma kowa a ɗakin ya san haka. Idan ya ce bai gano ba, sunansa ya zube. Ya tashi a hankali ya durƙusa. Heriberto ya sunkuyo kamar mai riƙe masa fitila, ya yi ƙasa da murya.

"Murɗin hagu ne, Yaya. Bahago ɗaya ne a titin nan. Da ka sani ka gyara mini ta daman ma, ta fi wannan muni."

Evaristo bai ɗago ba. Ya mayar da ja gurbinta, baƙa gurbinta. Ganga ta dawo har gilashin taga na rawa. Doña Alcira ta wurgar da takalmi, ta ce hannun Don Evaristo sai a sa shi a coci a riƙa kunna masa kyandir. Aka tafa masa, aka ba shi kujerar tsakiya, inda sautin biyu ke haɗuwa.

Ya zauna. Kiɗan ya fi nasa daɗi, ya ji hakan tun daga bugun farko. A can tsallaken titi Nubia ta leƙo, ta ga ba mai zuwa, ta fara kwashe kujeru.