Bangon Gwaggo Dorcas

A garinmu na bakin teku kowa ya san gidan Gwaggo Dorcas Keeping, saboda bangonsa da ke kallon ruwa. Fentin ruwan ɗorawa ne a jikinsa, mai ɗaukar ido, ba kyau ko kaɗan. Mijinta Ambrose ne ya fara shafa shi, don idan ka jera bangon da gicciyen coci, jirginka zai bi ta tsakanin duwatsun bakin gaɓa lafiya. Ambrose ya fita kamun kifi wata rana bai dawo ba. Ita kuwa ba ta daina sabunta fentin ba har ta rasu.

Akwai abin da ba ma faɗa wa baƙi. Duk yammacin da hazo ya sauka, mukan ji ƙarar tsohon injin jirgi, tuk, tuk, tuk, ya shigo ta tsakanin duwatsu, ya mutu a ƙasan gidan. Ba mu taɓa leƙawa ba.

Jikarta Verna ta gaji gidan, ita da mijinta Clyde. Yarinya ce mai ƙwazo, ba zan ƙwace mata wannan ba. Ta sauya katakon da ya ruɓe, ta faɗaɗa taga, ta jefar da tsohuwar kujerar lilo ta Ambrose da ke bakin murhu, ni na tsince ta. Sannan ta sayo fenti ruwan toka, wai gida ya saje da duwatsu da teku.

Na ce mata ta bar bangon nan yadda yake. Ta yi dariya ta ce, "Kawu Esau, gidan kaka kamar ƙwai da aka fasa a kan dutse? Yanzu wa ke neman hanya da bango?"

Na gaya mata sau ɗaya. Ni ba na maimaita magana.

Gidan ya yi kyau, gaskiya. Daga teku ba ka ganinsa sam.

Da hazo ya dawo, injin ya dawo. Amma bai shigo ba. Daga bayan duwatsu muke jinsa, ya yi gabas, ya yi yamma, tun safe har yamma. Washegari ma haka. Clyde mutumin wani gari ne, ya ce ai wani ne ya ɓata, ya kunce jirginsa ya bi sautin. Hazo ya haɗiye shi. Can sai muka ji injuna biyu suna yawo, kuma suna ƙara nisa.

Verna ta zo ƙofata ba takalmi. Na miƙa mata ragowar gwangwanin fentin kakarta. Ta hau tsani tana shafawa, fenti na zuba a gashinta. Kafin ta kai rabin bango, sautin ya juyo.

Clyde ya iso fuskarsa fara fat. Ya ce shi bai ga bango ba, wani jirgi ya bi, na wani dattijo da bai waiwayo ba ko sau ɗaya, har jirgin ya shige ƙasan gidan.

Da shi da Verna suka shiga cikin gida, ruwan teku ne kwance a bakin murhu, daidai inda kujerar take a da.

Da yamma Verna ta dawo wurina. Muryarta ƙasa ƙasa ta ce, "Kawu, kujerar nan tana nan?"

Ni na ɗaukar mata ita har gida.